Masarar Iowa Ta Fi Afirka Daraja a Idon Ɗan Takara

Duk bayan shekara huɗu, da zarar an buɗe zaɓen fidda gwani a Amurka, sai teburan masu shayi daga Kano har Damagaram su rabu gida biyu. Wannan ya rantse ɗan takarar Democrat ne masoyin baƙar fata da Musulmi, wancan ya ce na Republican ne namiji mai magana ɗaya. Dukansu sun yarda da abu guda: in "namu" ya shiga fadar White House, Afirka ta warke. Wannan zato ba shi da tushe balle makama, kuma tarihi ya sha ƙaryata shi.

A tuna 2008. Da Barack Obama ya ci zaɓe, Shugaba Mwai Kibaki ya ba da hutun kwana guda a Kenya, ƙasar mahaifinsa. A Legas kuwa tun kafin zaɓen aka yi liyafar tara kuɗi da sunansa, alhali dokar Amurka ta haramta wa ɗan takara karɓar ko sisin kwabo daga baƙo. Obama ya yi shekara 8 kan mulki bai taka Najeriya ba. A zamaninsa ne, a 2011, jiragen NATO suka yi wa Libiya luguden wuta har gwamnatin Gaddafi ta kife. Rumbunan makamai suka zama na kowa, bindigogi suka ratso hamada, arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan tawaye a 2012. Obama da bakinsa ya amsa a 2016 cewa rashin tanadin abin da zai biyo bayan Gaddafi shi ne kuskure mafi muni a mulkinsa. Ya faɗa ya wuce, mutanen Sahel ne aka bari da jana'iza.

George W. Bush, wanda aka yi ta tsine wa saboda mamaye Iraƙi a 2003, a wannan shekarar ce ya kafa shirin PEPFAR da dala biliyan 15, kuma miliyoyin masu cutar ƙanjamau a Afirka da maganin shirin suka rayu. Donald Trump ya sayar wa Najeriya jiragen yaƙi Super Tucano 12, cinikin da gwamnatin Obama ta dakatar. Shi ne kuma a Janairun 2020 ya saka Najeriya cikin ƙasashen da aka taƙaita wa bizar zama. To, a cikinsu wane ne "namu"?

Kuskuren yana farawa ne daga rashin sanin wa ake yi wa magana. Shekaru da dama jihar Iowa ce ke buɗe fagen fidda gwani, jihar manoman masara da mutanenta ba su wuce miliyan 3 da 'yan kai ba. Ɗan takara yakan naɗe hannun riga ya shiga kasuwar baje kolin jihar, ya ci soye-soye a tsaye, ya leƙa garken aladu, ya yi alƙawarin kare man itanol da ake tacewa daga masara. Daga nan sai New Hampshire. Waɗanda ke fitowa cikin tsananin sanyi su jefa ƙuri'a 'yan a-mutun jam'iyya ne, kuma abin da kunnensu ke so shi ake faɗa musu. Mai sauraro a Sakkwato da ya tsinci kalma ɗaya ya ce da shi ake, ya yaudari kansa.

Wanda ake jin muryarsa shi ne mai ƙuri'a. A Fabrairun 2024, sama da mutum 100,000 a Michigan, da yawansu Larabawa da Musulmi, suka ƙi zaɓen Joe Biden a fidda gwanin jam'iyyarsa saboda yaƙin Gaza. Hankalin jam'iyyar ya tashi domin Michigan na iya kayar da shugaba. Tafi da sowar Kano ba sa ƙara wa kowa ƙuri'a ko ɗaya.

Gidajen rediyo da jaridun Hausa su rage cika wa jama'a kunne da wane ya fi iya zance a muhawara. Su bi diddigin abin da Majalisar Dokokin Amurka ke yankewa kan biza, cinikin makamai da kuɗin magani, su bayyana wa talaka yadda zai shafe shi. Sauran ƙarfin kuma a mayar da shi kan zaɓen fidda gwani na gida, inda a 2022 aka yi ta ba da rahoton sayen daliget da daloli a Abuja.