Ku daina cewa "wayarka ce ta tsufa"

Jama'a, akwai maganar da ta ishe ni daga bakin masu haɗa manhaja. Mutum a Birnin Kudu ko Gwaram ya sauke manhaja da datar da ya saya da guminsa, yana buɗewa ta rufe kanta. Ya yi ƙorafi, a ce masa ya sayi sabuwar waya. Sau da yawa laifin na wanda ya rubuta manhajar ne.

Ga yadda abin yake. A Java da Kotlin, yarukan da ake rubuta manhajojin Android da su, ana gina komai aji-aji, kuma ƙaramin aji yana gadon ayyukan na sama da shi. Shafin manhaja da kake gani ajinsa Activity ne, shi kuma ya gaji Context. Shi ya sa mai rubutu zai kira aikin getColor, mai ɗauko launi, ba tare da ya rubuta shi da kansa ba.

To amma Context ɗin nan a cikin wayarka yake zaune, ba ya zuwa tare da manhajar. Kuma sai a Android 6.0, a 2015, aka saka masa getColor. A waya mai Android 5.1 uban ba shi da wannan aiki, ɗa kuwa ba ya gadon abin da uba bai mallaka ba. Nan take manhaja ta faɗi da kuskuren NoSuchMethodError.

Abin haushin, Android Studio yana gargaɗi a kan wannan tun ana rubutu, kuma Google ya tanadi ContextCompat.getColor da ke aiki a tsoho da sabo. Gyaran layi ɗaya ne fa!

Za su ce ba a bin tsofaffin wayoyi har abada. Gaskiya ne. To ka ɗaga minSdk, Play Store ya hana mai tsohuwar waya saukewa tun farko, kada ya yi asarar data. WhatsApp ma da ya yanke a Oktoban 2023, a Android 5.0 ya tsaya, kuma ya sanar.

Kai mai waya, shiga Settings, About phone, duba lambar Android ɗinka, ka rubuta ta a ƙorafinka a Play Store. Ku kuma masu koyon haɗa manhaja, ku ari tsohuwar Tecno wajen mai gyaran waya ku gwada kafin ku saki.

Wace lamba taka ta nuna? Faɗa mana a ƙasa.