Sola A Kan Rufi, Asara A Wuyan Wa?

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tayar da janareta ya zama sai mai hali. Duhun da ya rufe Arewa kwana da kwanaki a watan Oktoban 2024 kuwa, shi ya ƙara kora jama'a wajen wutar hasken rana. Wanda ya ratsa Yelwa ta Bauchi, daga Yelwan Tudu zuwa kewayen Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, zai ga farantan sola bisa gidaje da shaguna.

Amma fa dukiyar nan a fili take kwana. Iskar farkon damina takan yaye kwano da abin da ke kansa, ɓarawo yakan kwance faranti, batirin da aka haɗa da ganganci yakan jawo gobara.

Magidancin da ya yi wa gidansa inshora kafin ya sa sola, kada ya ɗauka ta shafi sabon kayan. Wajibi ne ya sanar da kamfanin a rubuce, a shigar da kuɗin farantai da batura da inbata cikin yarjejeniya. Ya tambaya ko za a biya asarar sata da ta iska, ya kuma adana rasit. In ya yi sakaci, ranar asara diyya ta gaza, ko ta faskara.

Mai ƙyamar inshora saboda addini, ga takaful, wanda hukumar NAICOM ta shimfiɗa wa ƙa'idoji a 2013. Ba a fafe gora ranar tafiya.