Abin da Sunayen Tsire-tsire Ke Faɗi a Birnin Benis

Wannan mako ina so in kai ku Benis, birnin nan na Italiya da aka gina bisa tsibirai. Shekaru aru-aru fatakensa suna kai da kawowa da jirage zuwa Iskandariya da Sham da Istambul, har Nafoliyon ya rushe mulkinsu a 1797. Maganarsu dabam take da Italiyancin makaranta, har wani masani, Giuseppe Boerio, ya tattara ta cikin ƙamus a 1829.

To, ku dubi sunayen da suke ba tsire-tsire. Lemo su kan ce masa naranza, watau naranj na Larabci, su Larabawa kuma daga Farisawa suka karɓa. Italiyancin makaranta ya yar da harafin farko, ya ce arancia. Bakin Benis kuwa ya riƙe shi. Akwai wani ganye mai ƙaya da ake cin kan furensa, suna ce masa articioco, daga alharshuf na Larabci.

Amma fa suna ya kan nuna hanyar da abu ya biyo ne, ba lalle mahaifarsa ba. Wani ɗan itace mai ƙwallo ɗaya suna kiransa persego, watau na Farisa, alhali asalinsa Sin ne. Masara kuwa a ƙauyukansu a kan ce mata sorgo turco, dawar Turkawa ke nan, ga shi kuwa daga Amurka ta fito, bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Wannan bai tuna muku da kome ba? Mu ma masara muka ce, muna jingina ta da Masar. Alkama da albasa kuma sunayen Larabci ne.

Abin da ya sa na kawo zancen nan, na sha jin 'yan'uwana akawuna suna yi wa mutumin ƙauye dariya don ya kira itace da sunan garinsu. Haba, jama'a! Watakila a bakinsa tsohon sunan ya rage, kamar naranza. In ya ɓace, labarin hanyar da itacen ya biyo ya ɓace ke nan.

Saboda haka ina roƙon malaman makaranta, kowa ya sa almajiransa su tambayi tsofaffi, su rubuta, a aiko mu gani.

Wasalam. Naku,
Akawu