Ɗalibin Kasuwanci da Ƙa'idar da Ba Ta San Kaka Ba

Kwanakin baya, bayan sallar magariba, ɗan ƙanena ya same ni a ƙofar gida nan Mai Wurno ta Sudan da wata takarda ninki huɗu a aljihun jallabiyarsa. Na nuna masa tabarma, ya ƙi zama, ya durƙusa daga gefe ya miƙo min ita da hannu biyu. Ya ce, "Baffa, ka duba min. Na kasa kai wa Baba." Takardar daga ofishin magatakardan kwalejinsu ta fito. Yaron yana shekara ta biyu a sashen kasuwanci na wata jami'a, kuma an hana shi zama jarrabawar darussa biyu, akanta da ƙididdiga, domin fashin da ya yi ya haura kashi 25 cikin 100 na laccocin zangon. Darasin da aka hana mutum jarrabawarsa faɗuwa ake rubuta masa. Da wannan sai matsakaicin makinsa, abin da ɗalibai ke kira mu'addal, ya sauko ƙasa da 2, aka ba shi inzar, wato gargaɗin farko. In gargaɗi ya maimaitu, abin da ke biye da shi kora ce.

Na san inda yake a waɗannan kwanaki, don ni ma na je na gani. Yana gonar ubansa, kudu da nan ta hanyar Damazin, yana yankan riɗi. Uban ciwon ƙafa ya kwantar da shi tun ƙarshen damina. Duk wanda ya taɓa noman riɗi ya san halinsa: da zarar ganye ya yi rawaya, kwanaki ƙalilan ke gare ka. Ka yi jinkiri kwanso ya tsage, ƙwaya ta zube ƙasa, tururuwa da kurciya su raba. Sai an yanka, a ɗaure dami-dami, a jingina su tsaye su bushe, sannan a dawo a kifa su a kakkaɓe a kan shimfiɗa. Mako uku abin ya ci masa, a zangon da aka matse don a cike gurbin watannin da yaƙi ya cinye. Kuma daga cikin buhunan riɗin nan ne ake fitar da kuɗin makarantar tasa.

Tun kafin in yi nisa, bari in faɗi inda na tsaya, don na san akwai 'yan'uwanmu da za su so in ce a rage wa yaranmu maki, a tausaya musu a jarrabawa. Ba zan ce haka ba, kuma duk inda aka tayar da maganar ina gaba da ita. Akawun da bai iya daidaita littafi ba, ƙungiyar manoman garinsu zai fara rusawa. Wanda aka ɗaga masa ƙafa a ƙididdiga, gobe ɗan kasuwar birni zai karanta masa alƙaluma ya gyaɗa kai bai fahimci komai ba. Lissafi, akanta, ƙididdiga, dokar kasuwanci, duk a riƙe su da ƙarfi. Har Ingilishi ma, wanda ɗanmu ke haɗuwa da shi a matsayin harshe na uku bayan Hausar gida da Larabcin makaranta, ina so a tsananta shi fiye da yadda ake yi. Tun da aka mayar da karatun jami'o'in Sudan zuwa Larabci a 1990 an sauƙaƙa wa mutane da yawa shiga ilimi, wannan gaskiya ne, amma takardun cinikin riɗi da ƙaro zuwa ƙetare, da jarrabawar ƙwararrun akantoci ta duniya, har yau da Ingilishi ake yin mafi yawansu.

Damuwata tana kan wasu ƙa'idojin daban. Akwai ƙa'idar da ke auna abin da ke cikin kan ɗalibi. Akwai kuma wadda ke auna inda ƙafarsa take ranar Talata, da irin takardar da ke aljihunsa, da ko yana da kawu a banki. Irin ta biyun an rubuta ta ne da ɗan Madani ko ɗan Khartum a zuciya, wanda gidansu ke bayan jami'a, ubansa na karɓar albashi ƙarshen wata. Idan ta faɗa kan ɗan ƙauye sai ta kayar da shi a kan abin da bai shafi iliminsa ba.

Sai mutum ya san tarihinmu a wannan ƙasa kafin ya gane abin da digirin kasuwanci yake nufi a wurinmu. Bayan Turawan Ingila sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da jama'arsa, har suka kafa wannan gari a bakin Shuɗin Nilu, ɗan kudu da Sinnar. Wasu sun riga su zuwa, wasu sun biyo baya, yawanci a kan hanyar Makka, suna tsayawa su yi aiki su tara guzuri, har tsayuwar ta zama zama. Da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gandun Jazira, wanda daga baya ya haura faddan miliyan 2, hannun kakanninmu na cikin waɗanda suka yi shuka, suka yi noma, suka tsinci auduga. An raba ribar audugar tsakanin gwamnati da kamfanin Turawa da masu hawasha, wato manoman da aka yanka wa gona. Da yawa daga cikin namu ba su cikin ukun. Suna zaune a kambo, bukkokin 'yan ƙwadago a gefen magudanar ruwa. Mu ke tsinta, wani ke ɗorawa a sikeli, wani kuma ke rubutawa a littafi. Kakata ta wajen uwa ta yi shekaru tana tsintar auduga, kuma ba ta taɓa ganin shafin da ake rubuta nauyin abin da ta tsinta ba.

Ga kuma shel, wanda har yau bai mutu ba. Ana tsakiyar damina, rumbu ya ƙare, manomi ya je wurin mai kanti ya karɓi kuɗi ko sukari da mai, a kan zai biya da buhuna in kaka ta yi, a farashin da mai kantin ya yanka. Kaka na yi buhun ya ninka kuɗin da aka karɓa, wani lokaci fiye. Bankunan Sudan, da suka koma tsarin Musulunci tun shekarun 1980, suna da hanyar salam wadda aka tsara don irin wannan buƙata, a sayi amfanin gona tun kafin girbi da sharuɗɗa bayyanannu. Amma wa zai cika wa manomin ƙauye takardun, ya karanta masa sharuɗɗan, ya lissafa masa ko cinikin ya fi na mai kanti? Wannan ne aikin da muke jiran yaran nan su dawo su yi mana. Shi ya sa idan aka kori ɗaya daga cikinsu saboda yankan riɗi, abin ke yi min ciwo har ƙashi.

Maganar takardu kuwa tsohon miki ce. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa kakanninsa na nan tun ƙarshen 1897, shekarun da yawancin namu ba su iso ba tukuna. Dokar 1994 ta dawo da ma'aunin zuwa farkon 1956, abin ya yi sauƙi a rubuce, amma wanda sunan kakansa ya nuna Bahaushe ne ya san tambayoyin da ake ƙara masa a gaban tebur kafin a ba shi ragam watani, lambar ɗan ƙasa da neman shiga jami'a ke buƙata. Sai ga rikicin jihar Shuɗin Nilu na Yulin 2022, da na Wad al-Mahi a Oktobar shekarar, inda aka kashe ɗaruruwan mutane, dubban Hausawa suka bar gidajensu a yankin Rusairis da kayan jikinsu kawai. Sai yaƙin Afrilun 2023, Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar shekarar har zuwa Janairun 2025, Sinja ma ta fita daga hannun soja na wasu watanni a 2024. Jarrabawar shahada, ta kammala sakandare, ta 2023 sai a ƙarshen Disambar 2024 aka zauna ta. Yaron da ya gudu sau biyu cikin shekara biyu, a ce ya kawo takardar asali mai hatimi kafin a yi masa rajista, daga ina zai ɗauko ta? Jami'a na iya karɓarsa bisa sharaɗi, ta ba shi shekara guda ya kammala takardunsa, ba abin da zai ragu daga darajar digirinta.

Inda na fi so masu tsara manhaja su saurare ni shi ne horon aiki. Kusan kowane sashen kasuwanci yana neman ɗalibi ya yi wasu makonni a wata ma'aikata, ya kawo wasiƙa mai hatimi. Manufar tana da kyau. Amma dubi yadda abin ke gudana. Wanda ke da ɗan'uwa a banki ko kamfanin sadarwa ya samu gurbi da waya ɗaya. Ɗan ƙauye ya yi ta yawo ofis-ofis, in ya yi sa'a a ajiye shi a kujerar bakin ƙofa yana kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan, ƙarshen wata a buga masa hatimi. Alhali a garinsu akwai kasuwanci na gaske da ba wanda ya taɓa rubuta lissafinsa. Masuntan Hausawa a tafkin madatsar Rusairis suna kama kifi, dillali ya saya, mai mota ya kai birni da ƙanƙara. Wa ya san rabon kowa a cikin kuɗin kifi guda? Masu lambun bakin kogi suna loda albasa da tumatir. Masu agashe, tsiren da kowa a Sudan ya san namu ne, suna juya jari kowane dare ba tare da littafi ba. Riɗi na tashi daga gona zuwa kasuwar amfanin gona ta Damazin ko Gadarif, yana ratsa hannu huɗu ko biyar, kowane hannu da abin da yake yankewa.

A bar ɗalibi ya zaɓi ɗaya daga cikin waɗannan, ya riƙe masa littafi na tsawon kaka guda: abin da ya shiga, abin da ya fita, bashi, asarar hanya, harajin da ake karɓa a shingaye. Malami ya sa masa ido, ya ziyarce shi ko sau ɗaya ne, a ƙarshe ya tsaya gaban malamai uku ya kare alƙalumansa. Wallahi wannan ya fi zaman bakin ƙofar banki wuya, ya kuma fi shi koyarwa. Ba baƙon abu nake kawowa ba. Jami'ar Jazira, da aka kafa a Madani a 1975, an gina ta ne a kan hidimar karkara. Ɗaya daga cikin kwalejojinta na farko sunanta ma Tattalin Arziki da Raya Karkara, kuma kwalejin likitancinta ta yi suna har wajen Sudan saboda tura ɗalibai su zauna a ƙauyuka su nazarci ciwon mutanen wurin. Abin da aka yarda da shi ga ɗalibin likita, ban ga dalilin hana ɗalibin kasuwanci ba.

Na ga alamar amfanin haka da idona lokacin canjin kuɗi na Disambar 2024, da aka fito da sababbin takardun fam 500 da 1,000, aka ce sai ta asusun banki za a canza. Dattawa da dama a nan ba su da asusu, wasu ba su taɓa taɓa Bankak, manhajar banki ta waya, ba. Ɗaliban da rufe jami'o'i ya dawo da su gida su ne suka zauna a gindin bishiya da wayoyinsu, suna bi da mutane ɗaya bayan ɗaya, suna rubuta wa kowa abin da ya bayar a takarda. Wannan aiki bai shiga makin kowa ba.

Laifin ba na jami'a kaɗai ba ne, kuma na gaya wa ɗan ƙanena haka a fuskarsa. Kowace kwaleji tana da ɗan littafin ƙa'idoji da ake rabawa a shekarar farko. Na tambaye shi ina nasa, ya sunkuyar da kai. Da ya karanta, da ya san ana shigar da uzuri a rubuce kafin tafiya, da ya san akwai tajmid, wato mutum ya dakatar da karatunsa na zango ko shekara ba tare da an rubuta masa faɗuwa ba. Mu iyaye ma muna da namu. Suna ya tashi mu kira yaro, biki ya tashi mu kira shi, 'yarmu kuwa da zarar uwa ta haihu ita ce ta farko da za a ce ta dawo ta riƙe gida, kamar lacca wani abu ne da ake ajiyewa a dawo a tarar. Ciwon uba da riɗi a tsaye uzuri ne. Ɗaurin auren ɗan maƙwabci ba uzuri ba ne.

Abin da nake roƙon majalisun kwalejoji a Madani da Sinnar da Damazin ɗan kaɗan ne. Su amince da uzurin girbi ga ɗalibin da ya sanar tun da wuri ya kawo shaida, su ba shi aikin da zai rama laccocin da suka wuce shi, sannan ya zauna jarrabawa ɗaya da kowa, a duba takardarsa da alƙalami ɗaya da na kowa. In ya faɗi a nan, ba ni da bakin magana.

A daren da ya kawo min takardar muka zauna da fitila muka rubuta takardar roƙo, wadda suke kira istirham, muka haɗa da katin asibitin ubansa da shaidar shehun unguwa. Na sa shi ya kwafe ta da hannunsa sau biyu har ta fita tsaf. Da asuba na raka shi tasha, ya hau motar farko. Buhunan riɗin suna nan jingine a zauren ƙanena, ba a sayar ba tukuna, ana jiran farashi ya ɗan ɗaga. Majalisar kwalejin za ta zauna kan takardar tasa a mako mai zuwa.