Kuɗin Fiton Cuku da Abin da Takardar Jikin Kaya Ke Ɓoyewa

Wanda ya shiga manyan kantunan zamani na Minna zai tarar da cuku a cikin firiji, an naɗe shi cikin takarda mai sheƙi, ɗauke da sunayen ƙasashen Turai. Idan kuma ya fita zuwa kasuwannin ƙauyukan da ke kewaye da birnin, zai tarar da matan Fulani da ƙorensu na nono da man shanu, wasu har da cukun gida mai laushi da ake kira wara, wanda ake daskarar da shi da ruwan tumfafiya. Tushen kayan biyu ɗaya ne, wato madarar saniya. Sai dai na farko yana da lamba a littafin kwastan, da rajista, da suna, na biyun kuwa ba ya daɗewa yake lalacewa, kuma babu wata takarda da ta san da zamansa.

Duk sa'ad da aka tada maganar wannan bambanci, shawarar da kan fara zuwa baki ita ce a ƙara wa cukun waje kuɗin fito domin na gida ya samu kasuwa. Shawarar tana da daɗin ji, amma kafin a karɓe ta ya kamata a duba yadda jadawalin kuɗin fiton yake a halin yanzu.

Tun daga 2015 Nijeriya take aiki da jadawalin kuɗin fito na bai ɗaya na ƙungiyar ECOWAS, wanda ya kasa kayan da ake shigowa da su hawa biyar: waɗanda ba a karɓar komai a kansu, da masu biyan kashi 5, da kashi 10, da kashi 20, da kuma kashi 35 cikin ɗari. Cuku yana hawan kashi 20. Madarar gari da ake kawowa cikin manyan buhuna masu nauyin kilo 25 kuwa kashi 5 kacal take biya, domin an ɗauke ta a matsayin kayan aikin masana'antu. Alal misali, ɗan kasuwar da ya sauke cukun naira miliyan 10 a Apapa zai biya naira miliyan 2, wanda ya sauke madarar gari ta daidai wannan kuɗi zai biya naira 500,000, ban da sauran ƙananan kuɗaɗen da kan biyo baya. Tun kuma da aka saki naira a watan Yuni na 2023, dalar da ake lissafin kuɗin fito da ita ta tashi daga ƙasa da naira 500 ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Tsadar da masu neman ƙarin haraji ke so a ɗora wa cukun waje, faɗuwar naira ta riga ta ɗora masa har da ƙari, amma mai tallar wara ba ta ga canji a cinikinta ba.

Dalili kuwa a fili yake. Masu sayen cukun Turai su ne otal-otal, da gidajen abinci, da 'yan tsirarun masu hali, kuma ba za su koma wa wara don an ƙara kashi 15 ba. Gwamnati na cewa ƙasar nan tana kashe kimanin dala biliyan 1.5 kowace shekara wajen shigo da madara da dangoginta, kuma kaso mafi tsoka na wannan kuɗi yana tafiya ne ga madarar gari. Ita ce abokiyar gogayyar makiyayin Mariga da na Borgu. Tun bayan da Tarayyar Turai ta janye ƙayyade yawan madarar da manomanta za su tatsa a watan Afrilu na 2015, wani nau'in madarar gari ya ƙara yawa a Afirka ta Yamma: wadda aka cire wa man shanunta aka maye gurbinsa da man kwakwar manja. Ta fi madarar gaske araha ƙwarai, kuma ita ma ta ƙofar kashi 5 take shigowa. An kulle taga ke nan, an bar ƙofar zaure a buɗe.

Akwai kuma haɗarin da Jihar Neja ta fi wasu sani. Jihar tana da iyaka da Jamhuriyar Benin ta wajen Babanna a Ƙaramar Hukumar Borgu, kuma ofishin kwastan mai kula da shiyyar yana nan Minna. Tarihin shinkafa ya nuna abin da kan faru idan kuɗin fiton Legas ya yi wa na Kwatano nisa: kaya sukan canza hanya, har sai da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Cukun da ya biyo daji a kan babur, ba firiji ba rajista, asara ce ga baitulmali, kuma barazana ce ga lafiyar mai ci.

Inda gyaran yake shi ne a kan takardar da ke jikin kaya. Dokokin hukumar NAFDAC sun wajabta a rubuta sunan kaya, da abubuwan da aka haɗa, da sunan kamfani da adireshinsa, da ranar lalacewa, da ƙasar da kayan ya fito. Amma ƙa'idar da duniya ke bi ta ce idan aka sarrafa abinci a wata ƙasa har kamanninsa suka sauya, to wannan ƙasa ta biyu ita ce asalinsa. Saboda haka kamfanin da ya jiƙa madarar garin Ailan ko ta Holan a Legas, ya mai da ita cuku ko kindirmon roba, yana da ikon rubuta cewa a Nijeriya aka yi. Bai karya doka ba. Wanda kuma ya sha wahalar bin rugage yana tattara ɗanyar madara, ya sayi tankin sanyi da janareta, shi ma abin da zai rubuta ke nan. Mai saye a Kasuwar Kure ba shi da hanyar bambance su, sai dai ta farashi, kuma a farashi na farkon ne ke cin nasara kullum.

Wannan ne ya raunana yunƙurin da Babban Bankin Nijeriya ya yi. A watan Fabrairu na 2020 bankin ya taƙaita ba da kuɗaɗen musaya na shigo da madara ga kamfanoni shida, bisa sharaɗin za su zuba jari a kiwon gida. Gandun kiwo na Bobi da ke Ƙaramar Hukumar Mariga, mai faɗin kimanin hekta 31,000, yana cikin wuraren da aka sa wa ido, kuma an ba kamfanoni irin su FrieslandCampina WAMCO da Chi filaye a cikinsa. Rashin tsaro a yankin ya kawo cikas babba. A watan Maris na 2024 bankin ya janye takunkumin baki ɗaya. Jarin da aka zuba don neman dala yakan tsaya ranar da dalar ta daina zama sharaɗi. Da a ce madarar Bobi tana da suna a jikin gwangwani wanda mai saye zai nema ya biya, da kamfanin yana da dalilin kansa na ci gaba.

Ba a cewa a ɗaga harajin madarar gari dare ɗaya. Saniyar Bunaji ba ta cika wuce lita ɗaya zuwa biyu a rana ba, cuku mai tauri kuwa yana cin kimanin lita 10 kafin a samu kilo guda, kuma shayin talaka da kunun yara sun dogara ne a kan madarar leda. Jadawalin ma na ƙasashen ƙungiya ne, ba na Abuja ita kaɗai ba. Amma gyaran takardar jikin kaya yana hannun NAFDAC, ba ya buƙatar amincewar kowace ƙasa, ba ya kuma ƙara ko kwabo a kan farashi. A wajabta rubuta ƙasar da aka tatsi madarar, da adadin kason madarar gida a cikin kayan, da kuma kalmar man kwakwa da manyan baƙaƙe a gaban leda idan da shi aka haɗa. Tunda kuwa miliyoyin masu saye Hausa suke karantawa, babu laifi a ƙara wannan bayani da Hausa.

Maƙwabta sun riga sun nuna wata hanyar. Jamhuriyar Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajistar suna a ƙungiyar OAPI mai kare haƙƙin mallakar fasaha, ta kuma sa busasshen cukunta cikin jerin kayan da take kare wa suna. Nijeriya ba ta cikin wannan ƙungiya, amma dokar tambarin kasuwanci ta 1965 ta tanadi tambarin shaidar inganci, wanda ƙungiyar masu sana'a za ta iya nema. Gwamnatin Jihar Neja tana iya haɗa ƙungiyoyin mata masu nono da gonakin madara irin su Maizube da ke hanyar Bida, su tsara ƙa'idar tsabta da ta awo, su fito da tambari guda na madarar jihar. Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya da aka kafa a 2024 tana da hurumin mara wa irin wannan baya.

Tambarin ba zai yi aiki ba sai madarar ta isa tankin sanyi cikin 'yan sa'o'i bayan tatsa. Jihar da ke samar da wutar Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru ya kamata ta fara da sa wuraren tattara madara cikin jerin waɗanda za a ja wa layin lantarki a kasafin kuɗinta na gaba.