Raddi Ga Masu Cewa A Sakar Wa Bankunan Gidaje Mara

Wata magana tana yawo tsakanin wasu masu ilimin boko a Lafiya, cewa sa idon da gwamnati ke yi wa bankunan lamunin gidaje shi ne ya hana ƙaramin ma'aikaci mallakar muhalli, wai da an bar kasuwa ta yi halinta da kowa ya samu rufin kansa. Hujjojin da suke kawowa ba su tsaya da ƙafafunsu ba.

Sun ce Babban Banki ya kashe ƙananan bankunan gidaje da ya tilasta musu jarin naira biliyan 2.5 ga na jiha, biliyan 5 ga na ƙasa baki ɗaya, wa'adin da ya cika a 2013. To, a tambaye su: bayan dokar 1989 da ta buɗe ƙofar kafa irin waɗannan bankuna, me aka gani? An ga ɗaruruwan kamfanoni masu allo a bakin titi, suna karɓar ajiyar mutane suna juya ta a kasuwanci, gida kuwa ko tubali ɗaya. Bankin da zai ba da bashin shekara 20 da kuɗin ajiyar da mai shi zai iya cirewa gobe da safe, in ba shi da jari mai kauri, rushewa zai yi, kuma talaka ne zai kwana ciki. Ko a watan Mayun 2023 Babban Banki ya soke lasisin bankunan gidaje huɗu. Ba don hukumar NDIC na tsaya wa masu ajiya ba, wa zai biya su? Amurka ma, da ake yawan kafa misali da ita, sakaci da masu rabon bashin gida ne ya jefa ta cikin rikicin tattalin arziki na 2008.

Sun kuma ce Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda dokar 1992 ta kafa, ƙwace ne, tunda ana yanke kashi 2.5 cikin ɗari na albashi. Nan suna da ɗan gaskiya: ma'aikata da yawa sun yi ritaya ba su ga ko sisi na lamuni ba. Amma wannan ciwon ƙarancin sa ido ne, maganinsa a matsa wa bankin FMBN, mai kula da asusun, ya riƙa bayyana lissafinsa. A banki na kasuwa ina za a samu bashi mai ruwan kashi 6 cikin ɗari har tsawon shekara 30, irin wanda asusun ke bayarwa?

Abin da suka tsallake shi ne inda gizo ke saƙar. Malamin makarantar da ya sayi fili a Azuba, abin da ke hannunsa galibi takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa da shaidu. Banki ba ya karɓar wannan a matsayin jingina. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora mallakar filaye a hannun gwamna, ta kuma ce ba a jinginar da fili mai takardar mallaka sai da yardarsa. Wannan jiran, da kuɗin awo da na rajista, su ne ke tsayar da mutum tun kafin ya isa ƙofar banki, kuma babu ruwan Babban Banki a ciki.

Don haka masu wannan ƙorafi su juya akalarsu zuwa Gwamnatin Jihar Nasarawa da hukumar NAGIS mai kula da takardun filaye, su nemi a rage kuɗin takardar mallaka, a kuma sa wa'adin da ba za a wuce ba wajen sa hannun gwamna.