Gadojin Ƙauye da Nauyin Motocin Zamani

Masarar da ke shigowa kasuwar Kawo daga ƙasar Igabi da Giwa, ta kan ƙananan gadoji take biyowa, waɗansunsu kuwa tun zamanin jakuna aka gina su. Yau tirela guda takan ɗauki buhun taki 600, watau tan 30.

Amma nauyi ba shi kaɗai ke kashe gada ba, gama ruwa yakan ƙwaƙule gindinta a ɓoye. Mun dai ga yadda ambaliya ta karya gadar Tatabu, tsakanin Mokwa da Jebba, a 2017.

A ganinmu, kada ƙananan hukumomi su zauna jiran kuɗin sabuwar gada. Da rani a yashe kwalbatoci, a jera duwatsu cikin ragar waya a gindin ginshiƙai, a kafa allon iyakar nauyi, a kuma sa dagacin wurin ya lura da masu ƙetare ta.